Ƙwai a Sama, Ruwa a Ƙasa: Yabon Akwatin Raga

'Yan harka, yau akwatin raga zan yaba, kuma ku sani tun daga farko ɓangarensa nake, ba alƙalanci na zo yi ba. Ina nufin ɗan akwatin robar nan mai haske garau, marar nauyi, marar waya, marar batir, marar surutu, wanda ake zuba jiƙaƙƙen falait, farar tsakuwar nan mai riƙe ruwa, a gindinsa, a kafa raga a tsakiya, a jera ƙwan mesa a kai, a danna murfi, a tura shi cikin inkubeta, mutum ya je ya miƙe ƙafa ya yi barcinsa har da munshari. Kai, Allah ya yi wa wanda ya fara wannan tunani albarka!

Duk wanda ya taɓa rainon ƙwan bol faiton, 'yar mesar nan tamu mai kunya da ke dunƙulewa ta cusa kai a tsakiyar jiki, ya san inda gizo ke saƙar. Zafi ba ya ba mu wahala sosai. Ka sami tamostat na kirki irin su Herpstat, ka tsayar da shi tsakanin digiri 31 da 32, an wuce wurin. Laima ce ke hana ido runtsawa. Ƙwan maciji ba shi da ɓawo mai tauri irin na kaza. Nasa fata ce, fara sol, mai laushi, mai numfashi, tana shan ruwa tana kuma fitar da shi gwargwadon abin da ta tarar a kewayenta. Abin da yake nema kuwa abu biyu ne da za ka rantse ba sa haɗuwa: iskar da ke lulluɓe da shi ta ƙoshi da laima, kashi 90 cikin 100 ko fiye, amma fatarsa ta zauna a bushe ƙayau. In laima ta gaza, sai ya lotsa tun kwanansa bai kai ba, ya yamushe, abin cikinsa ya wahala. In ruwa ya yi yawa har ya taɓa shi, sai ya kumbura tim, fatar ta yi tabo-tabo, funfuna ta sami wurin zama. Tsakanin waɗannan biyu za ka yi ta lallaɓawa kwana 55 zuwa 60.

Ba na raina famikulait, wanda aka saba binne ƙwai a cikinsa. Wa ya isa? Shi ya raini harkar nan tun tana rarrafe, kuma macizai bila adadin sun fito a kansa lafiya lau. Ka ɗora kwano a sikeli, giram 100 na famikulait, giram 100 na ruwa, nauyi da nauyi ba mudu da mudu ba, ka cakuɗa, ka damƙi cikin hannu ka matse. In ya dunƙule bai ɗiga ba, ya yi. Sai ka yi ɗan gurbi ka nutsa ƙwai zuwa rabi. Tsari ne mai kyau, sai dai ƙwan yana zaune ne kai tsaye a kan abin da ke riƙe da ruwan, don haka duk wani sakacin hannu a jikinsa yake ƙarewa. Matsar hannuna ba ita ce taka ba. Buhun da ya kwana a shago da damina ya riga ya sha laima kafin a auna shi, na hunturu kuma ya bushe ƙamas, ga shi sikeli ba ya faɗin wannan. Sannan in an yi 'yan makonni ya fara bushewa, sai ka koma ɗiga ruwa lungu-lungu da sirinji, kana addu'ar kada ya gangara ƙarƙashin ƙwai.

Akwatin raga ya zo ya raba gardamar da dabara guda, wadda duk wanda ya taɓa ganin madambaci a kan murhu zai gane ta nan take: ruwa yana ƙasa, abin da ake so ya sha tururi yana sama, tsakaninsu huji-huji. Sai dai a nan ba tafasa ake yi ba. Ɗumi ne na digiri 31, ruwan yana tashi a hankali ya cika akwatin da laima, ta ratsa ragar ta zagaye ƙwai ta sama da ƙasa da kowane gefe, ba tare da ɗigo ko ɗaya ya taɓa shi ba. Ka jiƙa falait ɗin ya yi sharkaf, babu komai. Hannunka ya zarce da ruwa, babu komai, muddin bai kai ragar ba. Babu sikeli, babu matsa, babu tashi da tsakar dare ana wasiwasin ko ya yi jiƙa ko bai yi ba. Wannan sauƙin ne ya sace mini zuciya. Ga kuma ƙarin daɗi, gindin ƙwan ma yana shan iska, alhali a famikulait a binne yake.

Kamfanin Squamata Concepts na Amurka yana da nasa mai suna SIM, kuma wallahi abu ne tsaf-tsaf, kyakkyawa, ƙwaƙƙwara, mai 'yan sanduna da ake matsawa su tokare kowane ƙwai kada ya mirgina, jikinsa garau ta yadda za ka leƙa ka ga komai ba sai ka ɗaga murfi ba. Amma kada wanda ba shi da dala ya karaya. Robar abinci mai murfin da ke kama baki, da yankin farar ragar nan mai gida-gida da ake rufe dogayen fitilun silin da ita, da falait daga wajen masu sayar da kayan lambu da furanni, sun gama aiki. 'Yan harka a Amurka sun daɗe suna haɗa nasu haka, wasu ma su shimfiɗa ledar Press'n Seal a bakin robar kafin su danna murfi, don laima ta rasa ta inda za ta silale.

Abin da ya ƙara dasa mini son akwatin nan shi ne aikin uwa yake kwaikwayo. Ku tuna fa, macijiyar nan 'yar gida ce. Daga Sanagal har Yuganda ake samunta, kuma daga Gana da Togo da Benin aka kwashi kakannin akasarin waɗanda ke cikin akwatunan Turai da Amurka a yau. A daji takan saka ƙwanta ne wajen ƙarshen rani, a ramin da ɓera ko gafiya suka bari ko a cikin suri, ta naɗe su tam, ta kwanta a kai kusan wata biyu ba ci, 'ya'yan su fito daidai saukar damina lokacin da abinci ya wadata. Fabien Aubret da Xavier Bonnet da Richard Shine sun bi diddigin wannan naɗi a Togo, suka wallafa sakamakon a 2005, kuma abin da suka gano ya kamata kowane ɗan harka ya haddace shi. Kwanciyar uwar ba ta ƙara wa ƙwan wani zafin a zo a gani ba. Abin da take yi shi ne hana ruwan cikinsu tserewa. Ƙwan da aka raba da uwa ya yi ta rage nauyi, gwaiduwarsa ta daskare, ɗan ya fito ƙarami marar kuzari, na ƙarƙashin uwa kuwa suka fito manya masu zafin nama. To kun gani? Ita ba jiƙa su take yi ba. Rufe su take yi, ta tsare laimar da ke kewaye da su, jikinta a bushe, nasu a bushe. Tubarkalla da wannan halitta! A 2020 wata tsohuwarsu mai shekara 62 a gidan namun dajin San Luwis da ke Amurka ta saka ƙwai 7, alhali ta fi shekara 15 rabonta da namiji. Ta yaya mutum ba zai so su ba?

Na san akwai 'yan uwanmu da ke barin ƙwai a wajen uwa har su fashe, kuma ina sara musu, don abu ne mai ban sha'awa ƙwarai. Ni dai uwar nake tausayi. Ta riga ta yi watanni ba ta sa komai a baki ba, ta saka ƙwai ta rame, gefenta ya faɗa. Gara a karɓe mata aikin, a wanke ta, a wanke ɗakinta tas don warin ƙwai ya gushe, ta manta da kwanci ta koma kan ɓeranta.

Shiri kuwa tun kafin ranar ake yinsa. Da zarar ta yi saɓar nan ta gab da saka, wadda ke zuwa kimanin wata guda kafin ƙwai, sai a haɗa akwati a sa shi cikin inkubeta ya ɗauki ɗumin wurin, ruwa da raga da murfi duk su daidaita. Ba a tarbar ƙwai da akwati mai sanyi. In ta saka, ka lulluɓe mata kai da tawul, ka warware ta a hankali, sai ga su nan, shida, bakwai, wani lokaci har goma, farare tas, cikakku, masu ɗumi, manne da juna curi guda. Ka ɗauki fensir ka yi ɗan alama a saman kowanne, domin yadda ta ajiye su haka za su zauna har ƙarshe. Ƙwan kaza ake juyawa. Na maciji in ka kifa shi bayan ɗan ya kama wurinsa a sama, gwaiduwa na iya danne shi ya mutu. In curin bai rabu cikin sauƙi ba kada ka tilasta, ɗora shi haka nan a kan raga, ka dai tabbata na can sama bai taɓa murfi ba. A nan ma raga ta ciri tuta. Curi a kan famikulait, na ƙasa yana jiƙe na sama yana bushe, a kan raga kuwa kowa rabonsa ɗaya.

Sai haskawa, wadda har gobe ba na gajiya da ita. Ka kashe fitilar ɗaki, ka kunna tocilar waya, ka jingina ta a gefen ƙwai. Nan take ƙwan ya kama haske ya yi ja-ja mai ruwan hoda, ga jijiyoyi sirara jajaye sun yi rassa sun bazu a cikin fatar, ga wani ɗan zobe mai duhu a sama inda mai gidan yake kwance. Ranar farko ke nan fa! Ɗan ya riga ya yi nisa tun yana cikin uwa. Wanda ka haska ka ga rawaya fayau babu jijiya ko ɗaya, ƙarami, mai danƙo-danƙo, wannan baragurbi ne, a cire shi. In kuma ya manne a tsakiyar curi ta yadda cire shi zai yaga na kusa, a ƙyale shi ya yamushe a wurin, don ƙwai mai rai yakan kare kansa daga funfunar maƙwabci. In ta ɗan hau mai rai, a goge da busasshiyar auduga, a barbaɗa hodar nan ta maganin funfunar tsakanin yatsun ƙafa, kaɗan, a rufe.

Yanzu ƙorafi. An ce so hana ganin laifi, amma wannan kam na gan shi: murfi yana zufa. Akwatin da ya ƙoshi da laima, da zarar murfinsa ya fi iskar ciki sanyi ko da kaɗan ne, sai raɓa ta taru a ƙarƙashinsa, ta zama ɗigo, ɗigon ya faɗo a kan ƙwan da ka yi ta ɗawainiyar raba shi da ruwa ta ƙasa. Abin haushi! Buɗe ƙofar inkubeta a kai a kai ke jawo shi, da kuma inkubetar da zafinta ba ya zagayawa daidai, ƙasa ta fi sama ɗumi ko baya ya fi gaba. Maganinsa bai da tsada. Ka ɗaura ƙaramar fankar kwamfuta a ciki ta riƙa juya iska. Ka ɗan karkata akwatin kaɗan tun kafin ka sa ƙwai, don zufar ta gangara ta bi bango. In ka buɗe, ka ɗaga murfin a karkace ka goge shi da tishu. Sai kuma babban magani, wanda ya fi kowanne wuyar sha: ka rage leƙe-leƙe. Ɗan hazo a jikin bango alheri ne, shi ke shaida laima ta isa. Ɗigo a saman ƙwai ne abokin gaba. In kuwa har ta kai ga ƙara ruwa, ka zuba wanda ya kwana a cikin inkubetar, ta kusurwa, ya sauka ƙarƙashin raga. Kwalbar feshi ba ta da aiki a kusa da ƙwai, ko kaɗan.

Ƙorafi na biyu ba na akwati ba ne, na 'yan ma'aunan laimar nan ne masu araha da suka cika kasuwa. Ka jera uku wuri guda, kowanne da abin da zai faɗa maka, kuma in laima ta haura 90 yawancinsu rikicewa suke yi. Kafin ka yarda da ɗayansu, gwada shi da gishiri. Ka cika murfin kwalba da gishirin miya, ka ɗiga ruwa ya jiƙe amma kada ya narke, ka sa shi tare da ma'aunin a cikin leda ka ɗaure tam, ka bar su su kwana. Da safe 75 ya kamata ka gani. In ya nuna 68, ka san kullum 7 za ka riƙa ƙara masa. Duk da haka babu ma'aunin da ya kai ƙwan kansa faɗin gaskiya. In yana nan cike, fari, a bushe, bango na da ɗan hazo, to ko me allon ma'auni ya rubuta, rabu da shi.

Mu da ke wannan yanki muna da namu karatun da littattafan Turawa ba su cika damuwa da shi ba. Da hunturu iska takan bushe har leɓe ya tsage, kuma duk ɗaga murfi ɗaya laimar akwati tafiya take yi gaba ɗaya. Nan ne akwatin raga ke nuna bajinta, don tafkin da ke ƙarƙashinsa ba ya daɗewa ya sake cika wurin, ba tare da ka taɓa komai ba. Kada dai ka huhhuda shi da yawa. Ɗan huji ɗaya ko biyu sun isa, ko ma babu, ka riƙa ɗaga murfi sau ɗaya a mako iska ta sauya. Da bazara kuma labarin ya juya. A Kano ko Sakkwato ko Maraɗi zafi yakan haura digiri 40, inkubeta kuwa ɗumamawa ta iya, ba ta iya sanyayawa ba, tamostat zai kashe hita ya zuba ido kawai. Ƙwan da ya daɗe a zafin da ya wuce kima ko dai ya mutu, ko ɗan ya fito da lanƙwasasshen baya. Don haka a nemi ɗakin da ya fi ko'ina sanyi a gidan, a ajiye ta a ƙasa, nesa da taga da rufin kwano. Sai ɗauke wuta, wadda ba ta neman izinin kowa. Ko tsohon firji ka mayar inkubeta ko kula, ka jera robobin ruwa cikakku a ƙasanta da gefenta gwargwadon yadda wuri ya ɗauka. Ruwa ba ya saurin ɗaukar zafi, ba ya kuma saurin sakinsa, shi zai riƙe maka ɗumin har wuta ta dawo, shi ne kuma zai rage kaifin zafin rana. In an ɗauke, hannunka ya yi nesa da ƙofa.

Makonni biyun ƙarshe su ne gwajin zuciya. Ƙwai zai fara lotsawa, ya yi laushi, ya shiga ciki ta gefe, curin ma ya fara sakin juna. Sabon shiga yana gani sai hankalinsa ya tashi, ya ruga neman ruwa. Tsaya, ɗan uwa! Wannan lotsawar ta lafiya ce, alama ce ta an kusa. Wadda ake tsoro ita ce ta makonnin farko, ita ma in ta zo sai a duba bakin murfi ko yana sakin iska, a duba ko falait ya bushe, a lulluɓa tishu mai ɗan danshi a kan ƙwan kwana ɗaya ko biyu, sau da yawa sai ka ga ya ciko. A ƙarshen nan 'ya'yan sun girma, jikinsu na fitar da ɗumi, shi ya sa zufar murfi ke ƙaruwa, suna kuma bukatar iska fiye da da. Sai a ƙara yawan ɗaga murfi, a goge, a rufe, cikin hanzari.

Sannan ranar ta zo. Ka leƙa ta jikin roba ka ga tsaga siririya a saman ƙwai ɗaya, miƙaƙƙiya, ɗan ya yanka da ƙaramin haƙorin da ke bakinsa don wannan aiki kaɗai, ga kumfa 'yan ƙanana suna fitowa ta wurin. Can sai ga ɗan hanci, jiƙaƙƙe, mai sheƙi, sai harshe ya fito ya karkaɗa ya koma. Ka matsa kusa, ya janye kai ya ɓuya. Allahu Akbar! Haka zai zauna kwana ɗaya ko biyu, kai a waje jiki a ciki, yana shanye sauran gwaiduwarsa, kuma babu mai hurumin jawo shi. A nan ne masu harkar launi ke kasa zaune kasa tsaye. Tun da Bob Clark ya ƙyanƙyashe zabiya a 1992, Peter Kahl kuma ya fito da faibol mai farin dabbare-dabbare a 1997, kowane ƙwai ya zama ƙunshin da ba a san cikinsa ba. In uwa da uba duk suna ɗauke da jinin faibol a ɓoye, kowane ƙwai yana da rabo ɗaya cikin huɗu, kuma ba za ka sani ba sai jiki ya fito ka ga ko akwai wannan farin tas, mai tsabta, mai ɗaukar ido, da ke katse zanen baya kwatsam. Wannan zumuɗin ne ke sa wasu su ɗauki almakashi su yanka ƙwai tun kwana bai cika ba. Ni ba na tare da su. Ka tsare laima kusan wata biyu don abin cikin ya kammala, sannan ka buɗe shi ga bushewa da ƙwayoyin cuta saboda ɗokin kwana uku? In na farko ya tsaga da kansa, aka yi kwana biyu wani bai motsa ba, a nan ne ɗan yanka ƙarami a sama, nesa da jijiya, yake da hujja.

Abu guda da mai raga zai kiyaye a wannan rana: jariri siriri ne, mai santsi, mai son lungu, in gidajen ragar na da faɗi zai iya zurawa ƙasa. Shi ya sa na fi son falait a gindi a kan zallan ruwa, ko kuma a shimfiɗa raga mai ƙananan ido a kan babbar. Wanda ya fito gaba ɗaya, a ɗauraye shi da ruwa mai ɗumi-ɗumi, a sa shi da 'yan uwansa a robar da aka shimfiɗa wa tishu mai danshi, da ɗan kwanon ruwa marar zurfi, don cibiyarsu ba ta gama rufewa ba kuma fatarsu na son laima har su yi saɓar fari bayan kwana goma ko makamancin haka. Bayan saɓa ne ake raba musu ɗaki a gwada su da ɗan ɓera na farko. Akwatin kuwa a zubar da tsohon falait, a wanke raga da murfi tas da ruwan zafi, a zuba sabo a mayar cikin inkubeta, don in kana da mace ta biyu tana nan tafe da nata curin.